Kafar Magini

Ni ba na hawa keke in ce a sauke ni a Kafar Magini. Yaran nan masu tuƙa keke sun san ni, sun kuma san halina. In muka doso wurin sai in ce a wuce da ni gaba, wajen masu sayar da katako, in sauka in dawo da ƙafa, ga ciwon gwiwa ga rana. Wasu dariya suke yi, wai tsohon nan rigima gare shi. Wani mara kunya ma ya taɓa tambayata ko aljanun wurin nake tsoro. Na dube shi sama da ƙasa, yaron da ko ubansa bai ga ganuwa a tsaye ba, na ce ya ja kekensa ya ba ni wuri. Maginin da suke rangaɗa sunansa da baki cike da cingam, ubana ne. Kuma ba don girmamawa aka laƙa wa wurin sunan ba.

Da na so in tafi kabari da maganar nan a cikina, don na gaji da mutanen unguwar nan tun ba yau ba. Amma makon jiya jikanyata ta dawo daga makaranta tana ba uwarta labari a tsakar gida, ina daga zaure ina ji. Wai an koya musu tarihin ganuwar Bauchi, wai an ce musu lalacewarta ta wajenmu ta faro ne daga wani magini mai son zuciya da ya fasa ta don ya saci ƙasa ya yi tubali, shi ya sa ake kiran wurin da sunansa. Yarinya tana faɗa tana dariya, ba ta san kakan ubanta take zagi ba. Ban ga laifinta ba. Ban ma ga laifin wanda ya koya mata ba, shi ma ji ya yi. Laifin na waɗanda suka san gaskiya ne suka haɗiye ta, su da 'ya'yansu da suka gaji shirun. To, bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Ganuwar da na tashi na gani ta riga ta tsufa. Kada wani ya ce na ce na gan ta da ƙuruciyarta. Ta zaizaye, ta yi doro, wani wuri ta zauna kamar raƙumin da ya gaji, amma duk da haka ta bayan unguwarmu, can gefen Ƙofar Ran, in namiji ya tsaya a gindinta sai ya ɗaga kai hula ta faɗi kafin ya ga samanta. Awaki ne ke hawa suna kiwo a jikinta. Mata na shanya kuɓewa da barkono a gangarenta ta ciki. In ka hau sama da hantsi za ka hango gonaki shimfiɗe har gindin duwatsu, ka hango matan Fulani da ƙoren nono a ka sun doso gari, ga gidajenmu dab da su, amma dole su bi gefen ganuwa su zagaya har ƙofa kafin su shigo. Haka kowa yake yi. Mai zuwa gona ya zagaya, mai zuwa itace ya zagaya, gawa ma in za a kai ta maƙabarta a bayan gari ta ƙofa ake fita da ita. Ba wanda ya taɓa cewa an wahalar da shi. Da yamma iska in ta bugi ganuwar tana da wani irin kuka mai kauri da ban ƙara jin irinsa ba, kuma ruwan farko in ya sauka a kanta unguwa duka sai ta ɗauki ƙamshin ƙasa. Yanzu in ruwan farko ya sauka warin kwata ne ke tashi.

Babana gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk faso. Ba shi da yawan magana, sai dai in an zo kan ƙasa. Shi da harshe yake gane ƙasa. Zai ɗan gutsura ya ɗora a harshe ya ce wannan ta nuna, wannan da saura, wannan yashi ya yi mata yawa. In ya zo wajen katanga sai ya mare ta da tafin hannu ya kara kunne, daga amon da ta yi zai gaya maka ko za ta kai baɗi. Daga bakinsa na ji tarihin ganuwa, shi ma daga bakin ubansa ya ji. Ya ce da aka kafa garin nan mahara ne ko'ina, don haka aka tara jama'a aka zagaye shi da ƙasa, aka haƙa gwalalo ta waje aka cika shi da sarƙaƙiya, in rana ta faɗi a rufe ƙofofi, wanda ya makara ya kwana a waje. Kowace unguwa da rabonta. In an gama girbi sai a buga gangar gayya, maza su haƙo ƙasa su cuɗa, mata su kawo ruwa da abinci, magina su hau sama su ɗora. Yakan kai ni inda ruwa ya yanke jikin ganuwar ya nuna mini sahu-sahu, ja da fari da mai duhu, ya ce wannan daga kududdufi kaza aka ɗebo, wannan shekarar yunwa aka yi shi, dubi yadda ya yi siriri, wannan kuma hannun kakanka ne, ga shatin yatsunsa. Ni a lokacin duk ƙasa ce a idona. Sai da na fara aiki na gane hannun magini ba ya ɓuya.

Tun kafin a haife ni aka daina rufe ƙofa, gangar gayya ma ta mutu. Amma Baba bai daina ba. Duk shekara in kaka ta yi, kafin mu karɓi aikin kowa, sai mun yi kwanaki muna liƙe inda damina ta ci a rabon unguwarmu, daga wata tsamiya da ke gindinta har kwanar da ganuwar ta karya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke ba shi ko goro. Masu wucewa sai su tsaya su ce, Magini, yaƙi za a yi ne? Shi dai sai ya ci gaba da yaɓensa. Abu ɗaya ne yake magana a kai har ya ɓata rai, wato rariya. A gindin ganuwar ta bayan unguwa akwai rariya da mutanen dā suka jera da duwatsu, ta nan duk ruwan unguwa yake fita zuwa gwalalo. Kafin kowace damina sai Baba ya shiga da rarrafe ya yashe ta. Ya roƙi mutane, ya yi faɗa, ya kai ƙara gun mai unguwa, cewa a daina zuba shara a bakinta. Wanda ya fi kowa taurin kai shi ne maƙwabcinmu Tanko mai jakuna. Gidansa ne na ƙarshe, a kwari, dab da rariyar. A nan yake ɗaure jakunansa, a nan yake tara kashinsu da ragowar kara da tsummokaran mangala. In Baba ya yi magana sai ya washe baki ya ce gobe zai kwashe. Mutum ne mai daɗin baki, kowa nasa ne, ni kuwa tun ina yaro jinina bai haɗu da nasa ba.

Shekarar da abin ya faru na riga na zama saurayi, ina hawa sama ina ɗora tubali da kaina. Tsakiyar damina ce. Ruwa ya kece tun da hantsi, aka yi azahar bai tsagaita ba. Rariya ta toshe da tarkacen Tanko, ruwan unguwa duka ya gangaro ya rasa hanya, ya tsaya a gindin ganuwa ya fara komowa baya. Kafin ka ce me, ya kai gwiwa a lungu, ya kai cinya. Ka ji katanga ta jiƙa ta zauna, rugum, mata su sa salati, can kuma wata, rugum. Tukwane da tabarmi da kaji suna yawo a kan ruwa. Muna tsaye a zaurenmu sai ga Tanko ya keto ruwa, ba hula ba takalmi, ya zube a gaban Baba cikin ruwan nan ya rungume ƙafafunsa. Tsohuwarsa makauniya ce, ba ta tafiya, tana kan gado a ɗaki, ruwa ya kai bakin gadon, bangon ɗakin kuma ya fara tsagewa. Kuka yake yi da majina, yana cewa Magini ka rufa mini asiri. Ina tuna fuskar nan tasa sarai. Na sha tuna masa da ita a zuciyata.

Baba ya fara gwada rariyar. Ya nutsa sau uku da dogon ƙarfe a hannu, ya fito yana tari, ya ce ta cushe tun daga ciki, ba ta buɗuwa yau. Lokacin mai unguwa ya iso da mutane a bayansa, riga a naɗe a wuya. Shi da bakinsa, a gaban jama'a, ya ce wa Baba ya fasa ganuwar. Baba ya tsaya yana kallonsa, ruwa na zuba daga gemunsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na fasa, wa zai mayar?"

Mai unguwa ya ce, "Mu duka. In kaka ta yi ni zan sa a buga gayya. Ga jama'a shaida."

Jama'a suka ɗauka, wallahi za mu zo, wallahi za mu zo. Muryar Tanko ta fi ta kowa.

Baba ya bi jikin ganuwar yana marinta da tafi har ya sami inda ta fi siriri, ya yi bisimilla ya ɗaga diga. Ni ina gefensa da tawa. Ƙasar nan da aka cuɗa tun zamanin kakanni ta yi tauri kamar dutse, diga na tashi da ƙyar. Wasu suka kawo magirbi da shebur suka taya mu janye abin da muka sare. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san tafin hannuna ya fashe, kuma na ga Baba yana sara yana kawar da kai daga sahun da yake yankewa. Wajen la'asar sakaliya ruwa ya sami kafa. Da ya ɓalle sai da ya ɗauke Baba ya maka shi a gefe, na cafko shi ta wuyan riga. Cikin ɗan lokaci ruwa ya janye daga lunguna. Aka fito da tsohuwar Tanko a kan ƙyaure, da ranta. Ba a rasa rai ko ɗaya ba a unguwar nan, kuma duk mai shekaruna ya san haka.

Mako guda gidanmu kamar gidan biki. Akussan tuwo, ƙoren fura, goro, addu'a. Tanko har kaza ya kawo. Amma tun ƙasa ba ta bushe ba na lura da wani abu: masu zuwa gona sun fara bi ta kafar. Da fari a ɗarare, suna cewa na yau ne kawai. Sai matan nono suka gano. Sai masu itace. Sai jakunan Tanko, safe da yamma. Kafin dawa ta nuna hanya ta yi fari fat, kamar tun da aka halicci duniya take nan. In baƙo ya yi tambaya a ce masa bi ta kafar da Magini ya buɗe, har aka gajarta aka koma Kafar Magini.

Da aka gama girbi Baba ya je gun mai unguwa. Aka ce a bari a gama sussuka. Aka gama, aka ce a bari a yi salla. Aka yi salla, aka ce mai unguwa ba ya jin daɗi. Da Baba ya ga haka sai ya sa rana da kansa, ya bi gida-gida ya gaya wa kowane magidanci, kowa ya ce to, to, Allah ya kai mu. Muka yi kwanaki muna haƙo ƙasa muna cuɗawa da ramno, busasshiyar ciyawar nan ta gini, muka bar ta ta nuna. Ranar gayya Inna ta tashi tun asuba, ta dama kunu babbar tukunya, ta tuƙa tuwo na mutum wajen talatin, da dawar da muka noma da hannunmu. Muka je bakin kafa muka zauna jira. Rana ta fito, ta ɗaga, ta take. Ba wanda ya zo aiki. Zuwa dai sun zo, amma wucewa suke yi ta cikin kafar, su tattaka ƙasar da muka cuɗa, su ce sannunku da aiki, Magini, ina zuwa yanzun nan. Abin da har yau ban manta ba shi ne, da azahar ta yi, matan unguwa suka aiko 'ya'yansu gidanmu da kwanuka, wai an ce an yi tuwon gayya a sam musu. Inna ta zuba musu. Na dawo na tarar da ita tana kankare tukunya tana share ido da gefen zane.

Mu biyu muka yi aikin. Kwana shida muka kawo gini iya ƙirji. Da safe muka zo muka tarar an ture shi, ga sawun jakuna a kan ɗanyen yaɓe. Muka sake, aka sake turewa. A karo na uku Baba ya tsaya a bakin kafar har Tanko ya doso da jakunansa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi ko ya manta ranar ruwa. Tanko ya yi murmushin nan nasa, ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Ai kai ka buɗe, Magini. Mu hanya muka gani muka bi."

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na haɗa shi da ganuwa, idanunsa suka firfito, kuma wallahi da an bar ni da ban san inda zan tsaya ba. Baba ne ya ɓamɓare ni, ya kwashe ni da mari, marin da bai taɓa yi mini ba tun ina yaro. Aka kai mu gaban mai unguwa. Maganar alkawari ba ta ko taso ba, maganar rashin kunyata aka yi. Aka sa na durƙusa na ba Tanko haƙuri, wai sa'an ubana ne. Daga ƙarshe mai unguwa ya gyara rawani ya ce, tun da jama'a sun sami sauƙi, a bar kafar don maslaha. Baba ya ce ya ji. Daga ranar bai ƙara kai hannu wurin ba, bai kuma taɓa bi ta ciki ba. Gonarmu tana nan bayan kafar, in ka yi kira daga can ana ji a gidanmu, amma sai mu ɗauki fartanya mu zagaya ta Ƙofar Ran, mutane na kallonmu suna ƙunshe dariya.

Ana nan aka ce Bauchi ta zama babban birnin jiha. Baƙi suka cika gari, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa na neman ɗakin haya, kowa na son ya ƙara ɗaki a gidansa. To ƙasar ganuwa ƙasa ce da ta riga ta nuna, ba ta bukatar a cuɗa a jira, ka jiƙa kawai ka yi tubali. Kuma ga bakin kafa a buɗe. Aka fara gutsurar gefen kafar, kwando ɗaya, kwando biyu, sai mangala. Tanko ya bar itace ya koma sayar da ƙasa, ya ƙara jakuna, daga baya har tifa yake kira. Kafar da muka sara iya faɗin mutum biyu ta koma mota na wucewa. Baba kuwa in aka kira shi aiki sai ya ɗanɗana ƙasar tukuna. In ya ji ta ganuwa ce ya tofar, ya tattara kayansa, ya ce a nemi wani. Aiki ya yi ta raguwa, ga bulo da siminti sun shigo, har ya zamana sai mu yi wata ba a kira mu ba. Mutanen da suka ci ganuwar suka fara cewa ji munafuki, shi da ya fara.

Wata rana wasu mutane suka zo daga ofis cikin mota, da littafi a hannu, wai an ce ana ɓarnata kayan tarihi. Suka tsaya a bakin kafar suka tambayi sunan wurin, aka gaya musu. Suka tambayi wane magini, aka nuna gidanmu. Mai unguwa na tsaye, Tanko na tsaye, dattawan da aka tsamo iyalansu daga ruwa suna tsaye. Aka kira Baba, wani yaro sa'ana mai ɗamammen wando ya tambaye shi ko shi ya fasa. Baba ya ce shi ne. Bai ƙara ko kalma ba, jira yake wani ya faɗi dalili. Ba wanda ya buɗe baki. Na yunƙura zan yi magana Baba ya damƙe mini hannu. Yaron ya yi masa faɗa kamar ɗansa, ya ce albarkacin tsufansa za a ƙyale shi, ya yi rubutu a littafi, suka shiga mota. Ina jin daga littafin nan ne ƙaryar ta yi ƙafa har ta iso bakin jikanyata. Ran nan Baba bai ci tuwo ba.

Bai yi shekara biyu bayan haka ba ya kwanta. Ciwon ƙirji ne, tun nutson da ya yi a rariya bai rabu da tari ba. Ana gobe zai rasu, da rana tsaka, ya sa Inna ta kira ni. Ya kama hannuna da tafin nan nasa mai kaushi.

Ya ce, "In na cika, kada ku bi da ni ta wurin nan. A zagaya da ni ta ƙofa, yadda aka fita da ubana."

Na ce na ɗauki alkawari. Ya ce in maimaita, na maimaita. Bai bar mini wasiyyar gona ko gida ba, wannan kaɗai ya bari.

Da safe ya cika. Tun ana yi masa wanka, na sami liman da mai unguwa na gaya musu wasiyyar. Suka ce to, to, Allah ya ji ƙansa. Aka yi masa salla a ƙofar gida, jama'a maƙil, har da waɗanda suka yi shekaru ba su gaishe shi ba. Da aka ɗaga makara na shiga gaba ta dama, don in riƙe akalar tafiya. To kowa ya san al'adar ɗaukar gawa: ba mutum huɗu ke kai ta ba, karɓa-karɓa ake yi, kowa na son ya sa kafaɗa ya sami lada, kuma ba a hana mai nema. Ban kawo wannan a raina ba sam. Muka iso mararraba, hagu hanyar ƙofa, dama hanyar kafa. Na karkata hagu, na ji makara ta yi nauyi, na baya ba su biyo ni ba. Sai ga Tanko a gefena, ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa kamar mutumin kirki.

Ya ce, "Kawo in sami lada, ɗan Magini."

Na ce a'a. Amma kafaɗarsa ta riga ta shiga, wani ya shigo ta bayansa, wani ya dafa ni yana cewa sannu, yi haƙuri, huta. Ban ankara ba sai na gan ni tsaye da hannu wofi, makara ta juya dama. Na yi ihu na ce wasiyya ce, ya bar wasiyya. Liman ya juyo ya ce ba a ɗaga murya a kan gawa, kuma sunna ce a gaggauta, ga rana na yi. Mutum biyu suka riƙe ni suna ba ni baki, a zatonsu zafin mutuwa ne. Ina gani da idona aka shige da ubana ta kafar, a kafaɗar mutumin da ya toshe rariya.

Da suka sake ni, jama'a duk sun bi baya, na tsaya ni kaɗai a mararraba. In na bi su, na taka wurin da bai taɓa takawa ba. In na zagaya, ban san abin da zan tarar ba. Na zagaya. Da gudu na tafi, babbar riga a hannu, na fita ta Ƙofar Ran na biyo gefen abin da ya rage na ganuwa, mutane na kaucewa suna cewa lafiya. Ko da na isa maƙabarta an riga an sa shi, an jera itace a kansa. Ban shiga kabarin ba, ban karɓe shi ba, ban juya fuskarsa gabas da hannuna ba, ni da nake ɗansa namiji tilo. Abin da ya rage shi ne liƙe tsakanin itatuwan da kwaɓaɓɓiyar ƙasa kafin a tura. Wa zan gani tsugune yana kwaɓawa? Tanko. Ya cika mata ruwa, ta yi tsululu, irin kwaɓin da Baba zai zubar. Na sa gwiwa na ture shi gefe. Na ƙara busasshiya na cuɗa ta yadda aka koya mini, na bi itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya na liƙe, ban bar ko inda tururuwa za ta shiga ba. Jama'a suka tsaya a rana suna jira har na gama.

Shekaru da yawa bayan haka, da Tanko ya kwanta ciwon ajali, ya aiko ɗansa wai yana neman gafara. A lokacin ya yi Makka, yana da gidajen haya a daidai inda tsamiya take dā. Na ce a gaya masa abin da ke tsakanina da shi na yafe, na Baba kuwa ba ni da ikon yafewa, ya bari in sun haɗu. Aka ce na cika riƙo. Na cika ɗin. Har yau kuma ban gama yanke wa kaina hukunci ba, ko da na bi su ran nan na sa ubana a kabari da hannuna, ko zagayen da na yi shi ne daidai. Wani lokaci in ga kaza, wani lokaci in ga kaza.

Yanzu ba ganuwa ta wajenmu, ko tudunta babu. Shaguna ne, da wajen wankin mota, da kwalta mai ɗaukar manyan motoci biyu. Jikokin waɗanda suka sayar da ita mangala-mangala su ne ke zama a rediyo suna kukan an rasa kayan tarihi. In damina ta yi ƙarfi ruwa na shiga gidajensu, su fito suna zagin hukuma. Na zaunar da jikanyata na gaya mata duk abin da na faɗa nan, ta ce to Kaka ai yanzu ba bango, ta ina mutum zai san ya bi ta kafa ko bai bi ba? Na ce ni na sani. Ina iya nuna mata inda digata ta fara sauka, yanzu gaban shagon mai cajin waya ne.

Shekaranjiya na tara 'ya'yana maza uku a zaure. Na ce musu na san yanzu a mota ake kai gawa, na san ta kwalta minti kaɗan ne, ta Ƙofar Ran kuwa akwai cunkoso. Duk da haka in tawa ta zo a zagaya da ni ta ƙofa. Suka dubi juna. Babban ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba, to, Allah ya ƙara lafiya.

Irin wannan "to" ɗin na san shi.